Motar Da Ta Toshe Ƙofa

Shafi na 23

Salamu alaikum 'yan zaurena masu albarka. Na ga saƙonninku, har wayata ta yi zafi. Masu cewa na bar Balaraba tsaye a bakin titi kwana huɗu rana na dukanta, ku yafe ni, suna muka je Gehuru, can kuwa sai ka hau tudu kake samun sabis. Ke kuma da kika rantse za ki fice daga zauren nan saboda na cika sa ki kuka, gyara zama tukuna.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Damina ce ta farko bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Shekara takwas kafin nan, 'yan wata ƙungiya masu ganin jinin duk wanda ba nasu ba ya halatta suka auka wa tashar albasa a wani gari can gabas mai nisa. Mutum goma sha bakwai na Jega da Aliero da Maiyama suka rasu, har yau Ranar Tasha ake kiranta. Direba ɗaya ya dawo gida, Shehu, ya ce da idonsa ya ga Idris mijin Balaraba ya gitta gingimarinsa a ƙofar tashar don kada kowa ya tsira. Ba a ga gawar Idris ba. Yau ake buɗe rijiya da itatuwan da 'yan albasa suka dasa sadaka ga mamatan, a gefen titin Jega zuwa Maiyama, ga Balaraba ta sauka daga mota ita da 'yarta Hamida, ba wanda ya gayyace su.

*

Ɗalha mahauci ne ya fara hango su.

Maƙwabcinsu ne a Jega, shi aka ɗauko ya yanka bijimin sadaka. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya tare su tun kafin su kai shingen.

"Uwar Hamida, mi ya kawo ki nan? Don Allah ki koma. Mutanen ga zuciyarsu ɗanya ce yau."

"Tawa ta dahu ne, Ɗalha?"

"Ba haka nika nuhi ba."

"To matsa in wuce."

Ya dubi Hamida ko za ta taya shi magana. Budurwar ta kau da kai. Shekararta goma sha tara, takwas daga ciki ta yi su ne da sunan da yaran unguwa suka laƙaba mata, ɗiyar mai toshe ƙofa. Ita ce ma ta goge mayafin uwar da safe.

Ɗalha ya matsa.

Da faɗa Balaraba ta zo. Tun daga Jega take tauna maganganun da za ta faɗa, ta jera su ɗaya bayan ɗaya a ranta, har wanda za ta jefi Shehu da shi ta tanada.

Amma tana shiga shingen sai ƙafarta ta yi nauyi.

Ba ta zaci wurin haka yake ba. Rijiya ce a tsakiya, an ɗaure bakinta da siminti, sabon guga na rataye. Kewaye da ita 'yan dashen mangwaro ne, ba wanda ya wuce gwiwa, kowanne an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Gaban kowanne an kafa ɗan allon ƙarfe, an rubuta suna da boko da ajami. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasar tana ƙamshi, ganyen sun yi shar.

Can gefe ƙarƙashin rumfa manya na zaune ana gwada lasifika. Nan cikin itatuwan kuwa ba ka jin komai sai shesshekar mata.

"Karanta min," in ji Balaraba.

Hamida ta sunkuya kan allon farko.

"Kyauta ɗan dako, Giwa Tazo."

Balaraba ta dafe ƙirji.

Kyauta. Dogon nan mai gibi, wanda in ya zo cin waina a gindin tandarta sai ya ce a ƙara masa yaji har hawaye su zubo, yana ci yana dariya. Shekara takwas ba ta tuna fuskarsa ba sai yanzu.

"Ci gaba."

"Malam Buhari mai awo, Aliero."

"Shi ya raɗa miki suna."

"Sani da Sanusi, Gumbin Kure." Hamida ta ɗago. "Inna, itace biyu ne, allo guda."

"Tagwaye ne. Tahiyarsu ta hwarko ke nan. Uwarsu ta biyo su har tasha da ƙullin gari."

Balaraba ta tsaya kallon dashen biyu.

Duk shekarun nan kukan kanta take yi. Kukan masu saye da suka daina tsayawa a gindin tandarta, kukan bikin da ake yi a unguwa a tsallake ƙofarta, kukan ranar da alƙali ya ce ta yi takaba ba wanda ya zo mata gaisuwa sai mutum uku. Ba ta taɓa samun sararin yi wa waɗannan kuka ba. An hana ta. Ga su yau a gabanta, 'yan ƙanana, iska na kaɗa ganyensu, ba wanda ya zage ta a cikinsu.

Ta durƙusa gaban tagwayen ta ɗaga hannu.

Kusa da ita wata tsohuwa na zuba wa wani dashe ruwa da buta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Hamsatu ce, uwar Kyauta. Ta juyo, suka haɗa ido. Tsohuwar ta janye butarta ta rungume, ta ja zanenta gefe.

Balaraba ta gani. Ta shafa addu'arta ta tashi.

Haka suka bi layin, Hamida na karantawa, uwar na faɗin ko wane ne. Na ƙarshe shi ya fi kowanne tsawo, da gani ana ba shi ruwa safe da yamma.

"Usama Attahiru, Aliero."

Bayan shi sai fili. Ƙasa ce kawai da ciyawa.

Hamida ta tsaya tana kallon filin. Tun a gida ta san ba za ta ga sunan ubanta ba, amma sani daban ne da gani.

"Wa ya ba ku izinin tsayawa gaban ɗana?"

Suka juya.

Alhaji Attahiru ne, shugaban 'yan albasa na Aliero, wanda ya ba da filin ya kuma haƙa rijiyar. Usama shi ne ɗansa na fari. Ya taso daga rumfa da sandarsa, mutane na biye da shi.

Balaraba ta rusuna.

"Ina kwana Alhaji. Ya ƙarin haƙuri?"

"Tambayarki nika yi. Wa ya kira ki?"

"Rediyo."

"Mi?"

"A rediyo anka ce duk wanda ya rasa nashi Ranar Tasha ya zo. Ni ma na rasa nawa, Alhaji."

Wurin ya ɗauki guna-guni.

"Naki?" Ya buga sandar a ƙasa. "Naki shi ya rasar muna da namu! Ki dubi itacen ga. Da yanzu ɗiyanai na wasa gabana. Ke ko kin zo ki tsaya kansa da ƙahwarki?"

"Addu'a na yi mai. Usama ɗana ne ni ma, sau nawa ya kwana zaurenmu in za su yi sammako."

"Kada ki sake kama sunanai!"

Sai ga Shehu ya kutso, babbar riga fara fat, makullan mota na kaɗawa a yatsarsa. Motoci uku gare shi yanzu, a sahun gaba aka ajiye masa kujera.

"Alhaji, kada ka ɓata bakinka. Yau ranar mutunci ce. Ku hidda su waje kawai."

Hamida ta shiga gaban uwarta.

"Baba Shehu, kai kaɗai ka gani. Shekara takwas kai kaɗai. Ka taɓa dahwa Alƙur'ani kan maganar ga?"

"Ke! Ni kike ma rashin kunya?"

"Tambaya ce."

Ya ɗaga hannu. Ɗalha ya riƙe hannun a sama, hannun mahauci kuwa ba a fizge shi.

"Ba a gabana ba, Shehu."

Ana cikin haka aka ji ƙugin babbar mota tana saukowa daga kwalta. Ta tsaya can nesa da shinge, jikinta duk jar laka ta doguwar tafiya. Wani ya ɗaga murya.

"Baƙin gabas sun iso!"

Watanni uku da suka wuce Alhaji Attahiru ya aika takarda can garin, ya ce in akwai waɗanda suka tsira a tashar, su zo a yi addu'a tare. Tun safe su ake jira. Ya gyara rigarsa, ya dubi Balaraba.

"Albarkacin baƙi. Ki koma can baya ki tsaya, kada in ji motsinki."

Mutum tara suka sauko daga bayan motar, maza da mata. A gabansu wata gajeriyar tsohuwa ce, hannunta na hagu a shanye, tabon ƙuna ya bi shi har wuya. Sunanta Gudiya, ita ce mai tuwo a tashar tun kafin abin ya faru.

Aka ba su ruwa. Liman ya buɗe da addu'a. Aka karanta sunayen goma sha bakwai a lasifika, kowane suna sai ka ji kuka ya tashi daga wani gefe. Da aka gama Alhaji ya ce ko baƙi na da abin faɗi.

Gudiya ta karɓi abin maganar da hannunta mai lafiya.

"Na ji sunaye," ta ce. Hausarta ta mutanen gabas ce, a hankali take jan ta. "Duk na san su, duk sun ci tuwona. Allah ya jiƙansu. Amma ban ji sunan direban ba."

Alhaji ya ce, "Wane direba, Iya?"

"Mai koriyar mota. Idris na Jega."

Alhaji ya ɗaure fuska.

"Iya, ba mu ambaton wannan a nan. Shi ya toshe ƙohwa."

"Ƙwarai kuwa. Shi ya toshe ta."

Shehu ya miƙe yana juyawa ga jama'a. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku!"

Can baya Balaraba ta rufe fuska da mayafi. Hamida ta tallafe ta.

"Da bai toshe ta ba," in ji Gudiya, "da ba mai tsayawa nan ya ba ku labari. Ni da waɗannan takwas, da wasu sama da sittin da ba su samu zuwa ba, duk bayan motar nan muka rayu."

Ta dubi jama'a.

"Ku zauna in faɗa muku, tunda na ga ba a faɗa muku ba. Tashar nan katanga gare ta mai tsawo, ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe. Da hantsi muka ji ihu daga cikin gari, muka ga hayaƙi. Matan unguwa suka kwaso yara suka shigo wurinmu, don sun san in aka rufe ƙofar nan ba mai shiga. Muka rufe. Muka sa sakata."

Ta gyara riƙon abin maganar.

"Sai wani direba tsoro ya kama shi. Ya tada motarsa. Ba kaya a ciki, an sauke tun jiya, da ta ɗebi mutum hamsin. Wani saurayi ya ɗafe ƙofar motar yana cewa, tsaya a zuba mata da yara. Ya ture shi. Ya taka mota ya bi ta kan ƙofar tasha, ya ɓalle ta daga ginin, ya tafi. Ya bar mu a buɗe, ga su nan tafe da adduna da baka da galan na fetur."

"Wane saurayi?" Muryar Alhaji ta dushe.

"Fari, siriri, yana da tabo a gira. Shi ke riƙe maka lissafin buhuna, in ji shi. Usama."

Sandar Alhaji ta faɗi ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

"Idris na ƙarƙashin motarsa yana gyara. Ya fito da baƙin mai a hannu, ya dubi ƙofa, ya dube mu. Bai yi shawara da kowa ba. Motarsa cike take da albasa, ya ja ta ya gitta a bakin ƙofar, gefe ya manne da gini, gefe ya manne da gini, ko akuya ba ta wucewa. Ya zare makulli ya jefa cikin tukunyar miyata. Ya ce, Iya, ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Wata mata ta saki salati.

"Shi ya zauna cikin motar da ƙarfen taya, duk wanda ya hau sai ya maido shi ƙasa. Mu kuma mazanku suka jera buhunan albasa a jikin katangar baya, suka yi mana matakala. Ɗanka na kan katanga, Alhaji, Kyauta na ƙasa yana miƙa masa yara. Ni ce ta kusa ƙarshe, zanena ya riga ya kama wuta, Usama ya kashe da hannunsa ya cilla ni waje. Goma sha bakwai ɗin nan da kuka dasa wa itace, ba tarko ne ya kama su ba. Da sun so da sun riga mu haurawa. Tsayawa suka yi."

Hamsatu uwar Kyauta ta ɗora hannu a ka.

"Kyautana? Kyautana ya miƙa ɗiyan mutane?"

"Ga ɗaya nan." Gudiya ta nuna wata matashiya cikin baƙin, goye da jariri. "Shekararta goma sha ɗaya ranar. Ta ce sai ta zo ta ga uwarsa."

Matashiyar ta taho ta durƙusa gaban Hamsatu, ta kwance goyon ta ɗora mata a cinya.

"Sunansa Kyauta, Inna."

Abin da ya biyo baya, 'yan zaure, ba zan iya rubuta shi daidai ba. Manyan maza masu furfura suka rufe fuska da hula.

Shehu ne ya katse.

"Ƙarya ta! Tsohuwar ga ruɗewa ta yi! Wa ya san ta? Wa ya san ko su anka biya..."

"Ku sauko da ita," in ji Gudiya.

Maza biyu cikin baƙin suka koma motar, Ɗalha ya bi su. Suka dawo ɗauke da wani abu a nannaɗe da buhu, suka jingina shi a bakin rijiya, suka yaye.

Ƙofar mota ce. Wuta ta cinye rabin fentin, sauran kore ne. Daga waje duk saran adda ne da gatari, wani kan wani, har ƙarfen ya lotsa, ga ramukan kibiya. A ƙasa, inda wutar ba ta kai ba, akwai rubutu da jan fenti.

Hamida ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ba. Ta durƙusa, ta bi haruffan da yatsa.

Sunanta ne. Ranar da ta shiga aji ɗaya uban ya sa aka rubuta.

"Shekara takwas tana ɗakina," in ji Gudiya. "Ku duba da kyau, ku masu hankali ne. Wanda yake nasu, za su sare ƙofarsa haka?"

Alhaji Attahiru ya tako a hankali, ba sanda. Ya shafa saran ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya juya.

"Shehu."

"Alhaji, wallahi..."

"Ranar da ka dawo, gaban motarka a lotse yake. Na tambaye ka, ka ce saniya ka buge a hanya."

"Saniya ce, Alhaji."

"Iya, direban da ya ture ɗana, kina iya gane shi?"

Gudiya ta dubi Shehu tun daga hula har takalmi.

"Ya yi ƙiba. Amma kullum shi ke cewa a sa masa nama biyu, kuma ɗan yatsansa na hagu guntu ne."

Idon kowa ya sauka kan hannun da ke riƙe da makullai. Shehu ya tura shi cikin riga. Ya makara.

Liman ya ciro Alƙur'ani daga gafakarsa ya miƙa.

"Ga shi, Shehu. Yarinya ta tambaye ka ɗazu. In saniya ce, dahwa."

Shehu ya dubi Littafin. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Sai ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Tsoro ne... wallahi tsoro ne. Na dubi madubi na hangi motar Idris a ƙohwa. Da na iso gida kowa na tambaya ta, ya anka yi kai kaɗai ka hito? Mi zan ce? Na hwaɗi sau guda, sai maganar ta hi ƙarhina..."

Samari suka yunƙuro. Wani ya riga ya ɗauki dutse.

"Kada wanda ya taɓa shi!"

Balaraba ce. Ba ta taɓa sanin muryarta na da ƙarfi haka ba.

Mutane suka dāre, ta taho ta tsakiyarsu, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ta tsaya a kan Shehu. Duk maganganun da ta jero tun daga Jega, ta neme su ta rasa, kuma ba ta ji tana bukatarsu ba.

"Wurin ga na mutanen da sunka tsaya ne. Ba a zubda jini nan. Tashi."

Ya tashi.

"Ga lasihika can. Yadda ka hwaɗi waccan a tashar Jega da kasuwar Aliero kowa na ji, haka za ka hwaɗi wagga. Da sunanai. Da sunan ubanai."

Aka miƙa masa. Muryarsa ta fita har bakin kwalta, har masu wucewa a kan jakuna suka tsaya.

"Ni Shehu na yi ma Idris ɗan Malam Garba ƙarya. Ni na karya ƙohwa. Shi ya tare ta."

"Sake," in ji Hamida.

Ya sake.

Kabbara ta tashi, ta sake tashi, har tsuntsaye suka watse daga kan rumfa. Matan da suka shekara takwas ba su amsa sallamar Balaraba ba suka yanyame ta, wannan na kama hannu, wannan na gyara mata mayafi, kowa na kuka yana a yafe masa. Ita dai kallon ƙofar motar take yi tana murmushi, hawaye na zuba ba ta share ba.

Alhaji Attahiru ya cire hularsa. Dattijon da ko gaban hakimi ba ya saurin rusunawa, ya kai gwiwa ƙasa a gaban mai waina.

"Uwar Hamida, na zalunce ki. Na zalunci marainiyar ga. Ban da bakin da zan..."

"Tashi Alhaji, don Allah. Kai ma ƙaryar ta cuce ka. An hana ka sanin irin ɗan da ka haihwa."

Ya tashi yana share fuska, ya daka kira.

"A kawo dashe! A kawo magirbi! Nan kusa da Usama, tare sunka tsaya, tare za su yi inuwa!"

Bai bar kowa ya haƙa ba. Da kansa ya yi ramin, babbar riga na jan laka. Ɗalha ya ce shi zai biya allon, kuma sai ya fi kowanne girma. Hamsatu ta taho da goyon mutane a kafaɗa, ta ajiye butarta a gaban Balaraba.

"Ki hwara zuba mai da wagga."

Aka ɗora wa Balaraba dashen a tafin hannu, ɗan ƙarami mai ganye biyar. Hamida ta riƙe gefe. Suka durƙusa tare a bakin ramin.

Sai wani hannu ya kama wuyan hannun Balaraba.

Gudiya ce.

"Dakata, 'yata. Tambaya ɗaya. Bayan shi, kin yi aure?"

Balaraba ta dube ta da mamaki.

"A'a, Iya. Ko an zo ban karɓa ba."

Tsohuwar ta lumshe ido, ta sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi. To ajiye dashen nan."

"Iya?"

"An ce mini itatuwan nan na waɗanda suka mutu ne."

Alhaji ya saki magirbin.

"Tun da na fara magana," in ji Gudiya, "wa ya ji na ce marigayi?"

Dashen ya suɓuce daga hannun Balaraba.

"Ku yafe ni, na san abin da ake faɗa a nan tun kafin in taso. Maganar ta iske Idris yana kwance ba ya ko iya juyawa. Ya ce gara ku ɗauka ya mutu. Da takardar Alhaji ta zo, kwana bakwai ina fama da shi. Ya ce sharaɗi biyu. In ba a wanke sunansa a gaban jama'a ba, ko kuma in na tarar kina ɗakin wani, mu juya da shi ba wanda ya sani."

"Ku juya... da shi?"

Gudiya ta saki hannunta. Ta juya ta dubi motar da ta kawo su, can bayan shinge.

Kowa ya juya.

Ƙofar gaba ta buɗe.

Sandar guragu ce ta fara saukowa. Sai ta biyu. Sai ƙafa guda ɗaya ta taka laka.

Hamida ta ƙanƙame hannun uwarta har farcenta ya shiga.

Daga bayan ƙofar, wata murya da ta dushe ta ce,

"Laraba?"